A Ina Zaƙin Kwalbar Yake Ɓuya?

Idan aka ɗora amfilifaya biyu a kan teburin gwaji, ɗaya mai tiransisto ɗaya mai kwalba, na'urar awo ba ta ɓata lokaci wajen yanke hukunci. Mai tiransisto ta zamani tana iya ba da wat 200 hankali kwance, kuma gurɓatar da take yi wa sauti ba ta kai kashi 0.01 cikin ɗari ba. Mai kwalba kuwa, irin wadda ake haɗawa da 300B, kwalbar da kamfanin Western Electric na Amurka ya fitar a 1938, da ƙyar take kai wat 8, kuma kafin ta kai nan gurɓatarta ta haura kashi 1 cikin ɗari, wani lokaci ta ninka hakan. A takarda, ko kusa ba a haɗa su.

Amma je ka Tokyo ko Landan, za ka tarar da mutanen da suka zuba kuɗin mota sukutum a kan mai wat 8 ɗin, kuma ba 'yan koyo ba ne. Akwai makaɗa a cikinsu, akwai injiniyoyi, akwai waɗanda suka tsufa a sutudiyo suna ɗaukar sauti. Bakinsu kusan ɗaya ne: murya tana fitowa da jiki da ɗumi, kayan kiɗa masu tsirkiya ba sa sukar kunne, ana iya wuni ana saurare ba a gaji ba. Fiye da shekara hamsin ke nan ana wannan ja-in-ja. Ko dai mita tana ɓoye wani abu, ko kunne yana yaudarar mai shi, ko kuma akwai wani lungu da ba a leƙa ba.

Kwalbar da ake magana a kanta gilashi ce mai siffar ƙwan fitila, an zuƙe iskar cikinta, an sa wata waya da ake gasawa har ta yi ja, wuta ta riƙa tsallakawa daga gare ta zuwa wani faranti. Dattawan da suka yi zamani da akwatin rediyon da sai an kunna an jira ya ɗumama kafin magana ta fito sun san ta. John Ambrose Fleming ne ya ƙera ta farko a Ingila a 1904, Lee de Forest ya ƙara mata waya ta uku a 1906, wadda ta sa aka iya ƙara ƙarfin sauti da ita. Tiransisto ya zo a 1947 daga ɗakin binciken Bell. Ƙarami ne, ba ya buƙatar a gasa shi, ba ya tsufa kamar kwalba, ga arha. Kafin ƙarshen shekarun 1960 yawancin kamfanoni sun jingine kwalba. Sai ga shi a 1970 William Zane Johnson ya kafa Audio Research a Minneapolis don ya koma mata, kuma ya samu masu saye.

Waɗannan masu saye na farko suna da hujja, kuma an gano ta. Yawancin amfilifaya masu tiransisto raba aiki suke yi: wani tiransisto ya tura takardar lasifika gaba, wani ya jawo ta baya. A daidai wurin da ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki, na'urorin farko suna barin ɗan giɓi. Girman giɓin ba ya canzawa, don haka idan an ƙure ƙara sai ya nutse a cikin sauti, idan an rage kuwa sai ya fito fili ya sa sautin ya yi kaushi. Kamfanoni suna buga sakamakon awon da suka yi a ƙurarren ƙarfi, mutane kuma a gida suna saurare da wat ɗaya ko ƙasa da haka. Mita ta faɗi gaskiya, amma a wurin da ba kowa ke zama ba.

Da wannan ne kaɗai dalili, da magana ta mutu tuntuni, domin injiniyoyi sun toshe giɓin. Amma ba ta mutu ba.

Sai zargi ya koma kan ido. Wanda ya biya maƙudan kuɗi, ya zauna cikin duhu yana kallon kwalabe suna haske ja-ja, da wuya kunnensa ya ƙaryata shi. Ga kuma wata dabi'ar kunne da aka daɗe da sani: idan ɗaya daga cikin na'urori biyu ta ɗara ɗaya ƙara kaɗan, mai saurare ba zai ce ta fi ƙara ba, cewa zai yi ta fi tsabta, ta fi buɗewa. Shi ya sa masu gwaji na gaskiya suke daidaita ƙarar biyun da mita, kada tazarar ta wuce desibel 0.1, sannan su ɓoye wa mai saurare wadda ke aiki. A 1978 injiniya James Moir ya shirya irin wannan gwaji a Ingila da amfilifaya uku na kamfanin Quad: Quad II mai kwalba, da 303 da 405 masu tiransisto. Aka zaunar da ƙwararrun masu saurare, aka kiyaye kada a matsa wa kowace na'ura fiye da ƙarfinta. Zaɓinsu bai fi na mai canki-canki ba. A watan Janairun 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga wani gwajin da David Clark ya gudanar, inda aka haɗa har da na'urar Pioneer ta kusan dala 220 da kuma Futterman mai kwalba ta dala 12,000. Nan ma masu saurare suka kasa nuna bambanci tabbatacce.

Mutane da yawa a nan suka tsaya, suka ce duk abin ruɗu ne. Ni ban tsaya a nan ba, saboda wani abu da duk wanda ya taɓa sauya na'urori a ɗaki ɗaya ya sani. Akwai haɗin da za a yi, wata mai kwalba da wata lasifika, bambancin ya fito ƙarara har wanda ke tsakar gida ya ji kaurin sauti ya ƙaru. A sauya lasifikar kawai, a bar amfilifayar yadda take, bambancin ya ƙanƙance ko ya juye. Ruɗu ba ya bin lasifika. Wannan alama ce, kuma za mu dawo kanta.

Bayanin da ya fi yaɗuwa, wanda kusan kowane mai shago zai karanto maka, shi ne na 'ya'yan amo. Idan ka tura sauti mai hatz 440 cikin amfilifaya, ba shi kaɗai yake fitowa ba. Yakan fito da 'yan rakiya ƙanana: 880, wato ninki biyu, 1320, ninki uku, har zuwa sama. Ninki biyu ainihin sautin ne a mataki na sama, don haka narkewa yake yi a cikinsa ya ƙara masa kauri, kuma kayan kiɗa da kansu suna haifar da shi. Ninki bakwai ko tara kuwa ba sa jituwa da uwar sautin, kunne yana jin su kamar tsaki. A 1973 Russell Hamm ya buga bincike a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti, ya nuna cewa idan aka matsa wa na'ura fiye da ƙima, wadda ke da kwalba mai waya uku takan fi fitar da ninki biyu, mai tiransisto kuma ninki uku.

Bayanin yana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Sai dai yana da ramuka biyu. Na farko, Hamm na'urorin sutudiyo ya gwada, waɗanda ke karɓar sauti daga makirufo, kuma a halin da aka ƙure su. Na biyu ya fi girma. Amfilifaya masu kwalba da suka fi suna a tarihi, irin Dynaco ST-70 ta 1959 da McIntosh MC275 ta 1961, su ma tsarin tura-da-ja suke bi, kwalba biyu suna aiki kishiyar juna. Wannan tsari a ɗabi'arsa soke ninki biyu yake yi. Ashe na'urorin da aka gina sunan "zaƙin kwalba" a kansu ba su da yawan abin da ake cewa shi ne zaƙin. Haka kuma Nelson Pass, wanda ya shahara da ƙera masu tiransisto a Amurka, ya yi na'urori da ke fitar da ninki biyu babu ko gilashi ɗaya a cikinsu. Ninki biyu na bin yadda aka tsara na'ura ne, ko da me aka ƙera ta.

Abin da ya tsira daga binciken Hamm shi ne halin na'ura idan an ƙure ta. Kiɗa ba ya tafiya a miƙe. Bugun ganga ɗaya yana iya neman ƙarfi ninki goma na abin da sauran waƙar ke ci, a kiɗan da aka ɗauka da kyau ma har ninki ɗari. Idan mai tiransisto ta kai iyakarta, datse kan sautin take yi kai tsaye, kuma datsewar tana haifar da waɗancan ninki na sama masu kaushi. Mai kwalba, musamman mai sauƙin tsari, lanƙwasa kan take yi a hankali. Wannan ne ya sa masu jitar lantarki har gobe ba su rabu da kwalba ba, kuma shi ya sa mai wat 30 ta kwalba takan yi kamar ta fi lambarta ƙarfi. Amma mai saurare da tsakar dare, ƙara a ƙasa, bai ƙure komai ba, kuma yana cewa yana jin bambanci.

Wanda ya buɗe ƙofar da ta rage shi ne Bob Carver, injiniyan da ya kafa Phase Linear, daga baya ya kafa kamfani da sunansa. Carver ya yi iƙirarin cewa zai iya sa amfilifayarsa mai tiransisto, ta kusan dala 700, ta yi sauti iri ɗaya da kowace amfilifaya da aka zaɓa, komai tsadarta. A 1985 mujallar Stereophile ta ce ya zo ya nuna. J. Gordon Holt, wanda ya kafa mujallar a 1962 a kan aƙidar cewa kunne ne alƙali, da mawallafinta Larry Archibald, suka kira shi garin Santa Fe. Suka ajiye masa mai kwalba ta dubban daloli, wadda ba su bayyana sunanta a lokacin ba, daga baya aka san ta kamfanin Conrad-Johnson ce. Sun zaɓe ta ne don suna ganin babu yadda tiransisto zai kwaikwaye ta.

Dabarar da Carver ya yi amfani da ita ta cancanci a tsaya a kanta. Ka ba amfilifaya biyu waƙa ɗaya a lokaci ɗaya, kowace tana tuƙa lasifika iri ɗaya. Sai ka ɗauko wata lasifikar ta uku, ka ɗaura wayarta ɗaya a jan bakin amfilifaya ta farko, ɗaya wayar a jan bakin ta biyu. Wannan lasifika ta uku ba ta jin waƙar. Abin da take ji kawai shi ne saɓanin da ke tsakanin biyun, domin wuta ba ta bi ta cikinta sai idan ɗaya bakin ya ɗara ɗaya. Idan na'urorin sun yi daidai, shiru za ka ji. Idan sun bambanta ta kowace fuska, ko wadda aka san sunanta ko wadda ba a sani ba, za ta fito a nan. Gwajin bai damu da ra'ayin kowa ba, bai kuma buƙaci a san me ake nema ba.

Carver ya shige ɗakin otal da kayan aikinsa, yana sauya ƙananan kaya a cikin tasa na'urar, yana sauraren lasifika ta ukun tana ƙara yin shiru. Cikin 'yan kwanaki ya danne saɓanin zuwa desibel 70 ƙasa da waƙar, wato kusan kashi ɗaya cikin dubu uku. Holt da Archibald suka zauna suka yi ta saurare ta hanyar da suka saba, da faya-fayan da suka fi amincewa da su wajen tona asirin na'ura. A ƙarshe suka rubuta a mujallarsu cewa sun kasa raba biyun. Ina girmama su da wannan. Sakamakon ya taɓa tushen sana'arsu, kuma suka buga shi yadda ya zo.

Gwajin ya tabbatar da abu biyu a tare. Sautin mai kwalbar na gaske ne, tunda sai da Carver ya yi aiki tuƙuru kafin tasa ta kama shi. Kuma ba a cikin gilashin yake zaune ba, tunda an same shi babu gilashi. Duk abin da yake, yana nan a bakin waya inda za a iya auna shi. To mene ne?

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da Carver ya taɓa shi ne turjiyar da ke bakin amfilifaya. Duk wanda ya taɓa jan wuta da doguwar waya siririya ya ga wannan da idonsa: fitila tana haske lafiya, ana jona dutsen guga sai ta dushe, ana cirewa ta dawo. Wayar tana cin wani kaso na wutar, kuma kason yana ƙaruwa idan aka ja da yawa. Kowace amfilifaya tana da irin wannan turjiya a cikinta. A mai tiransisto ta zamani kusan babu ita, om 0.05 ko kusa da haka. A mai kwalba ta tura-da-ja takan kai rabin om zuwa om ɗaya ko fiye. A mai kwalba ɗaya irin ta 300B takan kai om biyu ko uku.

Dalilin bambancin yana cikin ƙirar. Kwalba tana aiki da bolt ɗari huɗu ko biyar amma kwararar wutarta kaɗan ce, lasifika kuwa bolt kaɗan take so da kwarara mai yawa. Shi ya sa yawanci ake sa taransifoma a tsakani, ita ce ƙaton ƙarfen nan da ke sa mai kwalba nauyi. Akwai kuma dabarar da Harold Black ya gano a 1927, ta ɗebo kaɗan daga abin da na'ura ta fitar a mayar da shi baya don ta gyara kuskurenta da kanta. Wannan komayya tana rage gurɓata, tana kuma rage turjiyar baki. Mai tiransisto tana ɗaukar komayya mai yawa. Mai kwalba ba ta iyawa, domin taransifoma tana jinkirta sauti a can ƙasa da can sama, idan aka yawaita komayya sai na'urar ta rikice ta kama kuka. Masu kwalba ɗaya da yawa ma ba a sa musu ko kaɗan.

Yanzu mu koma ga alamar da muka ajiye. Lasifikar da aka rubuta wa om 8 a baya, ba om 8 ba ce sai a suna. Turjiyarta tana hawa da sauka gwargwadon sautin da ake ba ta. A wani wuri takan faɗi zuwa om 4, a wurin da babbar takardarta ke rawa da kanta, can cikin sauti mai kauri, takan haura om 40, sannan ta sake tashi kusa da inda babbar ke miƙa wa ƙaramar takarda aiki. Ɗauki alƙalami. Amfilifaya mai turjiyar om 2: inda lasifika take om 4, kashi 4 cikin 6 na wutar ne ke isa gare ta, wato kashi 67 cikin ɗari. Inda take om 40, kashi 40 cikin 42 ne, wato 95 cikin ɗari. Tazarar ta kai desibel 3, kuma wannan kowa yana ji. Yi lissafin da om 0.05, tazarar desibel 0.1 ce, ba wanda zai ji.

Ashe mai kwalba tana murɗa wa sauti maɓallin ƙari da ragi ne a ɓoye, kuma lasifikar ce ke zana mata yadda za ta murɗa. Inda turjiyar lasifika ta hau, sauti ya ƙaru. Tunda kusan kowace lasifika tana da tudu a wajen sauti mai kauri, nan ne ɗumin yake fitowa. Ƙari a kan haka, ƙaramar turjiya birki ce ga takardar lasifika, tana tsayar da ita da zarar bugu ya wuce. Idan turjiyar ta ƙaru birkin ya sassauta, kaurin ya ɗan daɗe yana amo. Wani zai kira wannan cika, wani zai kira shi sako-sako, kuma abu ɗaya suke ji.

Da wannan sauran guntayen suka zauna a mazauninsu. Mita ta rasa abin ne saboda a teburin gwaji ba lasifika ake jonawa ba, wani dunƙulen turjiya ne mai om 8 daidai, wanda ba ya hawa ba ya sauka, don haka kowace amfilifaya takan fito a miƙe. Gwajin rufe ido yakan tashi babu bambanci idan mai kwalbar tana da isasshiyar komayya kuma lasifikar ba mai yawan tudu da kwari ba ce. Mutum biyu kuma sukan saɓa a kan na'ura ɗaya, ɗaya ya ce tana da duhu ɗaya ya ce tana da haske, don lasifikunsu ba ɗaya ba ne. Stereophile da kanta daga baya ta shigar da wannan cikin awonta: mai yi mata awo, John Atkinson, yana jona kowace amfilifaya da wani kaya da ke kwaikwayon hawa da saukar lasifika, kuma a zanen da yake bugawa ana ganin layin mai kwalba yana lanƙwasa, na mai tiransisto yana miƙe.

Ba komai ne turjiya ta ɗauke ba. Taransifoma tana da nata tasiri idan an tura mata sauti mai kauri da ƙarfi, lanƙwasar kai idan an ƙure tana nan, ninki biyu a masu kwalba ɗaya yana da yawan da za a iya ji. Kwalba tana tsufa, halinta yana sauyawa, kuma da yawan waɗannan na'urori ba su da abin daidaita wuta a ciki, don haka a garin da wutar lantarki ke hawa da sauka su ma bin ta za su yi. Daidaiton da Carver ya samu ma na na'ura ɗaya ne a hali ɗaya. Da ya fitar da samfurin kasuwa mai suna M-1.0t, mutanen Stereophile sun saurara suka ce bai yi daidai da wadda aka kwaikwaya ba, aka kuma yi ta musu a kai.

Ba na ganin laifin wanda ya zaɓi kwalba. Ya ji abin da ke nan, ya so shi, kuma kiɗa don jin daɗi ake sa shi. Abin da ba na yarda da shi shi ne mai sayarwa ya ce masa ta fi faɗin gaskiyar abin da ke kan faifai, ko ya yaba masa ita alhali da wata lasifika dabam aka saurare ta. Wanda zai sayi mai kwalba, ya tambayi turjiyar bakinta, ya kuma saurare ta da lasifikar da zai zauna da ita a gida, don rabin sautin daga can zai fito.

Carver kansa ya mayar da binciken haja. A shekarun 1990, a sabon kamfaninsa Sunfire, ya ƙera amfilifaya mai tiransisto da ke da bakin lasifika iri biyu a bayanta. Ɗaya na sautin tiransisto yadda aka san shi, ɗaya na wanda ke son abin da ya yi kama da kwalba. Abin da ya raba su turjiya ce ta om ɗaya da aka saka a kan hanyar baki na biyun, kuma mai na'ura yana iya jona babbar takardar lasifikarsa a ɗaya, ƙaramar a ɗaya, idan lasifikar tana da wurin jonawa biyu.